Jerin sabunta famwe a shasin bled: wa ke gaba, wa ke biye

Saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) guda da ke tsaye ita kaɗai, in sabunta famwenta (manhajar da ke zaune a cikin na'urar kanta) ya ɓaci, ita kaɗai za ta kwanta. Shasin bled, wato akwatin da ake jera siraran sabobi (bled) da yawa a cikinsa, ba haka yake ba. HPE c7000 da Dell M1000e kowanne na ɗaukar bled 16 masu rabin tsayi, Cisco UCS 5108 na ɗaukar 8, kuma duk waɗanda ke ciki wuta ɗaya suke sha, fankoki ɗaya ke hura musu iska, ta hanya ɗaya suke fita zuwa netwok. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya: ranar da zauren ya rufta, ba a tambayar ɗakin wa ke da lafiya, kowa ya makale a ciki.

Abu biyu ne ke tsara jerin aikin. Na farko, mai kulawa yana riga abin da yake kula da shi. Sabon famwen mai kula da shasi, wato modul ɗin da ke tafiyar da shasin gaba ɗaya, ya san tsofaffin bled, amma tsohon famwe bai san sabbi ba, don ba a ƙera su ba lokacin da aka rubuta shi. Na biyu, duk abin da ya zo biyu-biyu a shasi, ba a ɗauke su lokaci ɗaya: a gama da guda, a ga ya dawo yana ɗaukar kaya da gaske, sannan a taɓa ɗan'uwansa. Daga nan jerin ya fito: mai kula da shasi, sai modul ɗin netwok da na ma'ajiya da ke bayan shasin, sai bled ɗaya bayan ɗaya. Takardar bayani da kamfani ke fitarwa tare da kowane famwe tana iya sauya wurin wani mataki, kuma in ta sauya, maganarta ce a sama da wannan jeri.

Kafin a taɓa komai

A Maradi aikin yana farawa daga ɗakin injin wuta. Lokacin rubuta famwe, na'ura tana goge tsohon ɓangare sannan ta rubuta sabo a gurbinsa. In wuta ta yanke a tsakani, ana iya tashi babu tsoho babu sabo, modul ɗin ya zama ƙarfe kawai, kuma madadinsa sai daga Yamai ko Kano, ko ma daga ƙetare. Wutar gari tana tahowa daga nesa, ta layin da ya fito daga Katsina, iskar farkon damina ko nauyin bazara na iya ɗauke ta ba sallama. Don haka kada ka dogara da cewa injin zai karɓa da kansa in an ɗauke. Tayar da shi tun kafin ka fara, ka mayar da ɗakin saba kansa, ka auna man da zai kai ninki biyu na lokacin da ka ƙiyasta. Wanda ke kula da injin da dare, je ka same shi da kanka ka ce masa: "Baba, don Allah ko wuta ta dawo kada a kashe injin nan sai na fito na faɗa." Gwada UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, da nauyinsa na gaske kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don batirin da zafi ya cinye yana nuna kore a allo har zuwa daƙiƙar da aka buƙace shi. Kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ma ya zama yana kan injin. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kuma bled ɗin da ya kashe kansa saboda zafi a tsakiyar rubutu daidai yake da wanda aka yanke wa wuta. Ka leƙa bayan shasin ka ga duk akwatunan wuta, guda 6 a c7000 da M1000e, suna kunne, kuma an raba su layi biyu, uku-uku.

Sai ƙidaya. Rubuta sigar famwen kowane abu a takarda guda: a HPE, `SHOW ALL` daga Onboard Administrator (OA, mai kula da shasinsa) zai zubo maka kusan komai, a Dell, `racadm getversion`, a Cisco, shafin famwe na UCS Manager. A cikin bled kuma, `ethtool -i` a Linux ko `esxcli network nic get -n vmnic0` a ESXi (tsarin aiki na kamfanin VMware) zai nuna direba (manhajar da tsarin aiki ke tafiyar da katin da ita) da famwen katin netwok tare. Da wannan takarda ake karanta teburin dacewa na kamfani. Nan ne za ka gano ko ana iya tsallakawa kai tsaye daga inda kake zuwa inda za ka, ko sai an ya da zango a wata siga ta tsakiya. Shasin gwanjo da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba kusan kullum sai ya ya da zango.

Zaɓi kunshi guda da kamfani ya gwada tare, kada ka tsinto sabon wannan da sabon wancan. HPE na kiran nasa Service Pack for ProLiant, Cisco na raba nasa uku: kunshin A na kayan shasi da Fabric Interconnect (suwic ɗin da shasin Cisco ke haɗuwa da su), B na bled, C na sabobin rak. Kuma mafi sabo ba lallai shi ne mafi kyau ba. A Janairun 2018 Intel da kansa ya ce a dakatar da girka gyaran ɓarakar tsaro ta Spectre da ya fitar, saboda yana sa wasu injuna sake tashi haka kawai. Kunshin da ya yi ƴan watanni a hannun jama'a ya fi kwanciyar rai, sai fa in gyaran tsaro ne na gaggawa.

Sauke fayilolin kwanaki kafin ranar, ka gwada su da `sha256sum`, ka ajiye su a kwamfutar da ke cikin netwok ɗin kulawa. Kunshin HPE gigabait da yawa ne, ba abin da za a zauna jira da tsakar dare ba ne. A 2014 HP ya ɗaure sauke famwen BIOS (mai tayar da sabar) da wannan kunshi da garanti ko kwangilar tallafi, mai shasin gwanjo ya san da haka tun da wuri. Duk da haka kada ka ɗauko fayil daga shafin da ba ka san mai shi ba, domin abin da ya shiga famwe yana ƙarƙashin duk wata manhajar tsaro da ka girka. Wani tarkon kuma burauza ce. Tsohon famwe TLS 1.0, tsohon salon kulle sadarwa, kaɗai ya iya, manyan burauzoji sun daina karɓarsa tun 2020, tsohon shafin Virtual Connect (modul ɗin netwok na bayan shasin HPE) kuma da manhajar Flash yake aiki, wanda Adobe ya rufe a ƙarshen shekarar. Gwada shiga ta SSH, hanyar ba da umarni a rubuce ba tare da burauza ba, tun kafin daren.

Kwafi saituna: `SHOW CONFIG` a OA, `vcsu -a configbackup` a Virtual Connect, `racadm getconfig -f` a CMC (mai kula da shasin Dell), a UCS kuma kwafi iri biyu, na cikakken yanayi da na dukkan saituna. Ajiye su a wajen shasin. Kwafin da ke kan VM (kwamfutar da manhaja ke kwaikwayo a cikin saba) da ke cikin shasin da ya kwanta ba zai amfane ka ba.

Na ƙarshe, ba a sabunta shasi marar lafiya. Fanka ɗaya ta mutu, faifai na sake ginuwa a RAID (haɗin faifai da ke kare bayanai in ɗaya ya mutu), wata fitila ta koma ruwan lemo: gyara wannan tukuna.

Mai kula da shasi

Wannan mataki ya fi sauƙi, kuma ba ya taɓa aikin sabobin. A c7000 akwai OA biyu, mai aiki da mai jiran gado. Duba da `SHOW OA STATUS` cewa kowanne na ganin ɗan'uwansa, sannan ka ba mai aikin `UPDATE IMAGE` da adireshin fayil. Shi zai fara rubuta wa mai jiran gado, sannan ya rubuta wa kansa, su sake tashi. A M1000e, CMC biyu ne: da `racadm fwupdate` ka fara da `cmc-standby`, ya gama ya dawo, sannan `cmc-active`. In aka juya jerin, da zarar mai aiki ya sake tashi mulki zai koma hannun wanda ke da tsohon famwe, aikin ya rikice maka a tsakiya. Bayan CMC sai iKVM, modul ɗin da ake jona allo da madannai da shi.

A ƴan mintocin da babu mai kulawa, duk fankokin za su tashi da iyakar ƙarfinsu, ƙarar ta cika ɗakin. Haka aka tsara su, tunda babu mai faɗa musu yawan zafi. Kada ƙarar ta sa ka zare wani abu. Ka dai tuna cewa a wannan lokaci shasin na jan wuta fiye da kullum, UPS ɗin da ke gab da cika zai iya yin ƙara shi ma.

In sun dawo, ka ga sigarsu ɗaya ce. In ta bambanta, mai jiran gado ba zai karɓi saituna yadda ya kamata ba. A HPE `UPDATE IMAGE SYNC` na daidaita su. Sannan ka gwada miƙa mulki sau ɗaya, `FORCE TAKEOVER` a OA ko `racadm cmcchangeover` a CMC, don ka gani da idonka cewa na biyun na iya riƙe gidan.

A Cisco mai kulawar ba a cikin shasi yake ba. UCS Manager yana zaune a kan Fabric Interconnect guda biyu, kuma shi ake fara kunna wa sabuwar siga. Zai kore ka daga shafin na ɗan lokaci, zirga-zirgar bayanai kuwa ba ta tsayawa. Kafin nan da bayan nan, `show cluster extended-state` ya nuna `HA READY`.

Modul ɗin baya, inda ake yawan faɗuwa

A bayan c7000 akwai gurabe 8, an jera su biyu-biyu: 1, 3, 5, 7 a gefe guda, 2, 4, 6, 8 a ɗaya gefen. Ƙofar netwok ta farko ta kowane bled tana zuwa gurbi na 1, ta biyu gurbi na 2. A M1000e gurabe 6 ne, A1 da A2, B1 da B2, C1 da C2. An yi haka ne don in gefe ɗaya ya tafi, ɗayan ya riƙe. Amma waya biyu ba ta nufin hanya biyu. Sai in an haɗa katunan biyu a cikin tsarin aiki, kuma duk VLAN (yankin netwok da aka ware a cikin suwic) da ke gefen hagu yana gefen dama har zuwa babban suwic na sama. Sau da yawa wani ya ƙara VLAN shekarun baya a gefe ɗaya ya manta da ɗayan, kuma ba wanda zai sani sai daren da aka sake tayar da gefen.

Saboda haka kafin famwe, gwada faɗuwar da hannunka. Bar `ping` yana gudana zuwa VM ɗaya a kowane VLAN, ka rufe hanyoyin sama na gefe guda daga babban suwic, ka kalli allon. Asarar fakiti ɗaya ko biyu ba komai. Wanda ya yi shiru bai dawo ba, ka samo abin da za ka gyara, kuma gyaransa buɗe ƙofa ne kawai, ba jiran modul ya gama tashi ba. A Linux duba `/proc/net/bonding/bond0` ka ga katunan biyu na sama. Ga ma'ajiya, `multipath -ll` zai nuna hanyoyin kowane faifai. Rubuta adadinsu, domin da shi za ka gane sun dawo duka.

Akwai wata matsala da ta fi wannan ɓoyuwa. Bled yana kallon igiyar da ke tsakaninsa da modul ne kawai. In modul ya taso ya kunna ƙofofinsa na ciki alhali hanyarsa ta sama ba ta fara wucewa ba, bled zai ga fitila kore ya mayar da kayansa can, su faɗa rami. Tsohon spanning tree, tsarin suwic na hana bayanai yin ta zagaye, na riƙe ƙofa daƙiƙa 30 kafin ya bari a wuce, 15 na saurare, 15 na koyo, kuma wannan ya isa ya yanke hulɗa da rumbun bayanai. Maganinsa biyu: a babban suwic, ƙofofin da ke fuskantar Virtual Connect a sa su a PortFast, wanda ke tsallake wannan jira; a Virtual Connect kuma a kunna Smart Link, wanda ke kashe ƙofofin ciki duk lokacin da hanyoyin sama suka mutu, don bled ya san gaskiya.

Sannan aikin kansa. A HPE, fara da `vcsu -a healthcheck`, kada ka ci gaba sai komai ya wuce. `vcsu -a update` yana loda famwe a duk modul ɗin tukuna, sannan ya sake tayar da su bisa tsarin da ka zaɓa da `-oe` ga Ethernet da `-of` ga Fibre Channel. `parallel` na tayar da duka lokaci ɗaya, wannan na shasin da aka kashe sabobinsa ne kawai. `odd-even` na bin gefe-gefe. `manual` na barin tayarwar a hannunka, kuma a shasin da ke ɗauke da aikin jama'a shi muka fi so, ko kuwa a sa jinkiri na minti 5 zuwa 10 da `-we` da `-wf`. Dalilin jinkirin shi ne manhajar tana ganin modul ya dawo tun kafin hanyoyin ma'ajiya su gama komawa a cikin sabobin. In ta ɗauke gefe na biyu a wannan rata, faifan sun ɓace wa bled gaba ɗaya, wanda kuma daga ma'ajiyar yake tashi, ya daskare nan take.

A Cisco, ana loda wa modul ɗin shasi sabon famwe a bar shi da zaɓin Set Startup Version Only, sannan a kunna sabuwar siga a Fabric Interconnect na biyu, mai biyayya. Shi zai sake tashi tare da modul ɗin gefensa. Wannan na cin minti 15 zuwa 20, wani lokaci fiye. Auto Install na yin wannan da kansa, sai ya tsaya yana jiran amincewarka kafin ya taɓa babban. Wannan tsayawar ita ce damarka: ƙirga hanyoyin ma'ajiya, duba katunan netwok, duba `HA READY`, sannan ka amince.

Bled ɗaya bayan ɗaya

Zaɓi bled guda daga kowane iri, wanda aikinsa bai da nauyi, ka sabunta shi, ka bar shi mako guda yana ɗauke da kaya na gaske. Wasu kurakuran direba ba sa fitowa sai an matsa wa katin.

A cikin bled ma mai kulawa ne gaba: iLO a HPE, iDRAC da Lifecycle Controller a Dell, CIMC a Cisco. Shi kaɗai ke sake tashi, sabar na ci gaba da aikinta, kuma ta hannunsa sauran famwe ke bi. Wannan ba abin jinkirtawa ba ne: iLO 4 da bai kai 2.53 ba yana da ɓarakar da aka bayyana a 2017, wadda ke barin mutum ya shiga ba tare da kalmar sirri ba.

Daga nan kwashe VM ɗin zuwa sauran bled, bayan ka lissafa cewa ƙwaƙwalwarsu za ta ɗauka. In akwai BitLocker ko wani kulle da ke dogara da TPM (guntun tsaro da ke cikin sabar), dakatar da shi, ka riƙe mabuɗin ceto a hannu, domin sabon BIOS na sauya ma'aunin da TPM ke dubawa. Sai BIOS. Sabobin ProLiant na riƙe kwafi biyu na BIOS, rubutu ɗaya na barin tsohon a matsayin mafaka. In ka rubuta sau biyu a jere, ka shafe mafakar. CPLD, wani guntu a allon sabar mai nasa famwe, a yi shi shi kaɗai, kuma ba ya kamawa sai an yanke wa bled wuta ɗungurungum. Ba sai ka zare shi ba: `RESET SERVER` da lambar gurbi a OA, ko `racadm serveraction` da `reseat` a CMC, na yin hakan daga nesa. Duba lambar gurbin sau biyu, umarnin ba ya tambayar ko sabar na aiki.

Sai katin RAID, sai faifai. Mutane kan tsallake famwen faifai, kuma kuskure ne. A Nuwamban 2019 HPE ya sanar cewa wasu faifan SSD na SAS za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki in ba a sa musu famwe HPD8 ba, bayanan ciki kuma ba sa dawowa. Faifan da aka kunna rana ɗaya tare suke cika awannin, RAID ba zai ceci kowa ba. A 2020 aka sake samun irinta a awa 40,000. Mai faifan gwanjo ya duba awanninsu da samfurinsu yau.

Katin netwok da na ma'ajiya su ne na ƙarshe, kuma famwensu da direbansu tafiyarsu ɗaya. Teburin dacewa na VMware ko na kamfanin sabar yana ba da su ne a haɗe, wannan direba da wancan famwe. Galibi ana fara girka direba, a bi shi da famwe, su kama a sake tashi guda. In aka raba su, abin da ke biyowa ba mutuwa ce a fili ba: kati ya riƙa yankewa yana dawowa, ko ESXi ya faɗi da allon shunayya bayan kwanaki, lokacin da kowa ya manta an taɓa wani abu.

Masu Cisco su duba manufar gyara ta kowane service profile (kundin saitunan da ake ɗaura wa bled) kafin su taɓa kunshin famwen bled. In tana kan `Immediate`, da ka sauya kunshin duk bled ɗin da ke amfani da shi za su sake tashi a lokaci ɗaya. Mayar da ita `User Ack`.

In bled ya yi shiru da baƙin allo bayan BIOS, ba shi lokaci. Tashin farko na daɗewa, yana iya kashe kansa ya kunna sau biyu ko uku. Kalli abin da iLO ko iDRAC ke rubutawa, kada ka taɓa maɓallin wuta kafin minti 30. Yi lissafin lokaci da gaskiya: in kowane bled ya ci minti 45, guda 16 awa 12 ke nan, ban da na shasi. Ba aikin dare ɗaya ba ne. Raba shi: mai kulawa a dare guda, modul ɗin baya a wani, bled kuma uku ko huɗu a kowane zama, nesa da ƙarshen wata in shasin na ɗauke da albashi ko asusun jama'a.

Komawa baya da kayan canji

Komawa baya na bin jerin a juye, bled tukuna, mai kulawa a ƙarshe, kuma ba kowane abu ke komawa ba. Lifecycle Controller na riƙe sigar da ta gabata guda ɗaya. Famwen faifai da CPLD galibi ba sa komawa. Sauke Virtual Connect zuwa tsohuwar siga na iya jawo sake gina saitunansa daga kwafi, da kashe sabobin duka. Tun kafin a fara, a rubuta a takarda wane mataki ne ke da hanyar dawowa, da ƙarfe nawa za a tsaya in abu ya ƙi.

Duk modul ko bled da aka kawo canji yana zuwa da famwen inda ya fito. OA ko CMC na canji a sa shi a gurbin mai jiran gado, a daidaita shi da mai aiki kafin a miƙa masa komai. Bled na canji kuma a kai shi sigar kunshin da sauran ke kai kafin a ɗora masa VM ko ɗaya, a ƙara layinsa a takardar ƙidaya da kwanan wata.